Agaji yana isowa, amma masu rauni ba sa samu: daga ina ƙaramar ƙungiya za ta fara?

"Assalamu alaikum. Ni 'yar sa-kai ce a wata ƙaramar ƙungiya. Wata biyu ke nan da 'yan gudun hijira suka tsallako iyaka suka sauka kusa da mu, yawancinsu mata da yara. Manyan ƙungiyoyi suna kawo abinci da tantuna, amma na lura duk ranar rabo fuskokin da na saba gani su dai nake gani. Akwai tsofaffi da naƙasassu da ba sa fitowa, akwai kuma yaran da ba mu san iyayensu ba. Wasu daga cikinmu sun ce mu buɗe gidan marayu, wasu sun ce mu tara kuɗi mu yi namu rabon. Abin hannunmu kaɗan ne. Daga ina ya kamata mu fara, kuma me bai kamata mu taɓa ba?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya saka da alheri. In na fahimce ki, tambayarki kashi biyu ce: me ya sa kaya suke isowa amma waɗanda suka fi buƙata ba sa samu, kuma wanne ya fi tsakanin gidan marayu da rabon kanku. Zan fara da ta biyun domin amsarta gajeriya ce: a wannan matakin, ba ko ɗaya. Aikin da ya fi dacewa da ƙaramar ƙungiya irin taku, wanda kuma manyan ƙungiyoyi suka fi kasawa a cikinsa, shi ne a gano wanda bai fito ba, a san abin da ya hana shi, a haɗa shi da inda za a biya masa buƙata, sannan a koma a duba ko an biya ɗin. Na yi shekaru ina aikin kula da al'umma a wuraren da 'yan gudun hijira suka sauka, kuma abin da kika lura da shi ranar rabo shi ne abin da ake ɗaukar ma'aikaci a horar da shi ya iya gani.

Yadda aka gina tsarin, da inda yake yoyo

Nauyin kare ɗan gudun hijira a wuyan gwamnatin ƙasar da ya shiga yake. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan gudun hijira ta 1951 da ƙarin da aka yi mata a 1967 su ne suka fayyace wane ne ɗan gudun hijira, suka kuma haramta mayar da shi inda rayuwarsa take cikin haɗari. Ƙasashen Afirka sun faɗaɗa ma'anar a 1969 har ta haɗa da masu tserewa yaƙi da rikicin da ya dagula zaman lafiyar jama'a, shi ya sa idan dubbai suka kwararo a lokaci guda akan karɓe su a jumlace, ba sai an tantance kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Hukumar UNHCR ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce take dafa wa gwamnati wajen rajista da kariya da daidaita aikin sauran ƙungiyoyi. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne ki san cewa rajista ce ƙofar komai. Wanda ba ya cikinta ba ya cikin lissafin abinci, ba ya cikin na tanti, kuma ba wanda zai nemi inda yake idan ya ɓace.

Shi kuwa agajin gaggawa, da ma'aunin taro aka gina shi, kuma da dalili. A watan Yulin 1994 ɗaruruwan dubban 'yan Ruwanda suka kwarara garin Goma da ke gabashin Kwango a cikin 'yan kwanaki, kwalara da atini suka ɓarke, kimanin mutum 50,000 suka mutu a watan farko. Binciken da aka yi bayan wannan masifa yana cikin abin da ya haifar da ƙa'idojin Sphere, waɗanda aka fara aikinsu a 1997. Su ne suka ce a ƙalla lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana, masai ɗaya ga mutum 20, abinci mai kalori 2,100, kuma kada wurin ɗiban ruwa ya wuce mita 500 daga inda mutum yake kwana. Waɗannan ma'aunai sun ceci rayuka masu yawa, ba mai musu. Sai dai lissafi ne na raba jimilla da yawan mutane. Ana iya kawo tankar da ta cika lita 15 ga kowa a takarda, alhali tsohon da ba ya iya ɗaga jarka yana rayuwa da abin da maƙwabciya ta sammasa a kofi. Rahoto ya ce an cimma ma'auni, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Wane ne mai rauni?

Takardun da za a ba ku suna da jerin sunaye: tsofaffi, naƙasassu, masu juna biyu, masu shayarwa, matan da suke riƙe da gida su kaɗai, yaran da ba su tare da iyaye, masu ciwon da ba ya warkewa. Jerin yana da amfani, amma kada ki ɗauke shi a matsayin amsa. Na ga makaho da 'ya'yansa maza uku a gefensa, ba abin da ya rasa. Na ga kuma saurayi lafiyayye, ba ya cikin kowane jeri, wanda ya iso shi kaɗai da ƙannensa ƙanana, bai san yadda ake dafa hatsin da aka ba shi ba, yana kunyar tambaya. Tambayar da nake koya wa 'yan sa-kai ita ce: kafin a gudu, wa yake ɗauke da nauyin wannan mutumin, kuma yanzu yana ina? Mafi yawan abin da muke kira rauni a sansani rashin wannan mai ɗaukar nauyin ne. Gurguwar da ta yi shekara talatin tana zaune lafiya a garinsu ba ƙafarta ce ta canza ba. Surukarta ce ta ɓace a hanya, kekenta kuma aka bar shi a bakin kogi.

Ki tsaya ki dubi ranar rabo da idon irin wannan matar. Ana sanarwa da lasifika, wanda ba ya ji bai ji ba. Layi yana farawa tun asuba, a rana, ba wurin zama, ba masai kusa. Inda ake ba da cikakken rabo, hatsin mutum ɗaya na wata yakan kai kilo 12, wato gida mai mutum biyar buhun kilo 60 ke nan, ban da mai da sauran kaya. Tsohuwar da take riƙe da jikoki huɗu ba za ta iya kinkimar wannan ba. Sai ta kira wani yaro ya ɗaukar mata, shi kuma ya ɗebi ladansa daga cikin buhun, kuma haka za a yi kowane wata. Mai shayarwar da ba ta da wanda za ta bar wa yara sai ta zaɓa tsakanin layi da barin su su kaɗai a tanti. Wata kuma katin da sunan mijinta aka yi shi, shi kuwa ya tafi da shi wajen ɗaya matar ko ya koma neman abin da ya saura na dukiyarsu. Akwai kuma waɗanda danginsu da kansu suke ɓoyewa: yaro mai taɓin hankali, budurwa mai farfaɗiya, wanda ake gudun a gani a yi magana. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ƙarin buhuna zai warware.

Masai ma haka. An gina shi da tudu saboda ruwan sama, ba abin riƙewa, ƙofar ba ta kulluwa daga ciki, ba fitila a hanyar. Tsoho ya daina shan ruwa da yamma don kada ya buƙaci fita. 'Yan mata su jira dare ya raba, wanda shi ne lokacin da ya fi haɗari. Igiya ɗaya da aka ɗaura a jikin sanda don mai rauni ya riƙe, da sakata, da kujerar roba da aka huda tsakiyarta, abubuwa ne da ba su fi ƙarfin ƙungiyarku ba.

Nemo su

Ba a nemo waɗannan mutane daga tebur. Tanti-tanti ake bi, kuma ba ku kaɗai ba. Ku nemi 'yan sa-kai daga cikin 'yan gudun hijirar kansu, mace da namiji a kowace unguwa, masu jin harshen mutanen. A cikinsu za ki tarar da malaman makaranta, da ungozoma, da ma'aikatan jinya, da waɗanda can ma a gida su ne ake kira idan abu ya faru. Tun kafin wata ƙungiya ta iso su suka ɗauko tsofaffi a baya, suka raba abin da suke da shi a hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku raba wurin gida-gida yadda kowane ɗan sa-kai zai iya zagaya nasa rabon a mako, ya san su da fuska.

Yadda ake tambaya yana canza abin da ake samu. Idan kika ce "akwai naƙasasshe a gidan nan?" yawanci za a ce babu. Akwai tambayoyi shida da aka fi amfani da su a duniya, na wani rukunin masana ƙididdiga da ake kira rukunin Washington, waɗanda ba su ambaci naƙasa ba sam. Suna tambaya ne ko akwai wanda yake shan wahalar gani, ko ji, ko tafiya da hawa, ko tuna abu, ko yi wa kansa wanka da sa tufafi, ko fahimtar magana da fahimtar da wani. Da su ake gano kakar da aka ce "ai tsufa ne kawai". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata naƙasa mai tasiri. Saboda haka idan aka ce miki a cikin mutum dubu biyar an sami naƙasassu arba'in, ki san neman ne bai yi nisa ba.

A kan shugabannin unguwanni zan ɗan tsaya, domin a nan ake yawan zamewa. Dole ku bi ta hannunsu, ku gaishe su, ku sanar da su abin da kuke yi. Wanda ya tsallake su ba zai daɗe yana aiki ba. Amma kada jerin sunayen masu rauni ya fito daga hannunsu kaɗai. Lokacin da 'yan Rohingya fiye da 700,000 suka shiga Bangaladash daga watan Agustan 2017, an naɗa shugabannin unguwanni da ake kira majhi cikin gaggawa, ba da zaɓe ba, kusan dukkansu maza, aka kuma bar jerin sunaye da takardun rabo suna bi ta hannunsu. Ƙorafin son kai da karɓar na goro ya yi yawa har aka fara kafa zaɓaɓɓun kwamitoci a wasu sansanonin. A Yuganda kuwa 'yan gudun hijira su suke zaɓen majalisunsu, tare da kujerun mata. Ba na cewa shugaba mugu ne. Amma duk wanda ka miƙa wa alƙalamin rubuta wanda zai ci da wanda ba zai ci ba, ka ɗora masa jarrabawar da 'yan'uwansa da surukansa za su tsananta masa. Ku karɓi jerinsa da godiya, ku je ku gani da idonku.

Abin da kuka rubuta kuma amana ce mai nauyi. Littafin da yake ɗauke da sunayen matan da suke kwana su kaɗai da lambar tantinsu, idan ya faɗa hannun da bai dace ba, taswira ce. Ku rubuta abin da kuke buƙata kawai, ku kulle shi, kada ya shiga zauren WhatsApp na ƙungiya, kada kuma ku ɗauki hoton fuskar kowa ku sa a Facebook don neman tallafi. Mutanen da suka gudo suna da waɗanda suke nemansu.

Kafin ku buga ƙofar farko, ku san inda za ku tura mutum. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Ku zaga ku rubuta: asibiti yana ina, ƙarfe nawa yake buɗewa, akwai ungozoma da dare, wa yake kula da yara masu tamowa, wa yake gyara kuskuren kati, wa yake neman dangi, wa ake kira idan aka yi fyaɗe. Suna da lambar waya, ba sunan ƙungiya kawai ba. A kusan kowane wurin gaggawa akwai taron daidaita aiki na ɓangaren kariya da ake yi a kai a kai. Ku nemi kujera a can, haƙƙinku ne. Tambayar mutum damuwarsa alhali ba ka da inda za ka kai ta cin fuska ne, kuma bayan zagaye biyu ba wanda zai ƙara buɗe muku baki. Idan kun tura mutum, ku raka shi in da hali, bayan 'yan kwanaki ku koma ku tambaya. A nawa aikin, takardar turawa da ba a bi sawunta ba sau da yawa a cikin jakar mai ita take ƙarewa, a ninke, domin ta je ta tarar da layi ko mai gadi ya ce ta dawo gobe.

Maganar gidan marayu

Na san niyyar 'yan'uwanki kyakkyawa ce, amma a nan zan tsaya da ƙarfi. Mafi yawan yaran da ake gani su kaɗai a lokacin gudu ba marayu ba ne. Rabuwa suka yi da iyaye a cikin turmutsutsu, ko an tura su gaba tare da maƙwabci, kuma akwai uwa ko kawu ko kaka a wani sansanin suna nemansu. An koyi darasi mai ɗaci a rikicin Ruwanda: da aka buɗe cibiyoyin yara masu abinci da magani, iyayen da yunwa ta ci ƙarfinsu suka riƙa kawo 'ya'yansu suna cewa tsinto su suka yi. Wato cibiyar da aka buɗe don yaran da suka rabu da iyaye ita ce ta riƙa raba wasu. A 2007 kuma aka kama wasu 'yan wata ƙungiyar Faransawa a gabashin Chadi suna shirin fita da yara 103 da sunan marayun Darfur ne, bincike ya nuna yawancinsu suna da iyaye a raye. Shi ya sa ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin kula da yara suka amince da ita ta ce a lokacin gaggawa ba a bayar da yaro ga wanda zai mayar da shi ɗansa na dindindin, ba a kuma fitar da shi daga yankin, sai an ƙure neman danginsa.

Abin da za ku yi ya fi wannan sauƙi kuma ya fi shi gaggawa. Duk yaron da kuka samu, a rubuta komai nan take: inda aka same shi, ranar, wa ya kawo shi, sunan da yake amsawa, sunan uwa, sunan gari, duk abin da ya faɗa ko da bai yi ma'ana ba. Ƙaramin yaro yana mantuwa da sauri. Idan jariri ne ko wanda bai iya magana ba, kada a yar da tufafin da aka same shi da su ko abin da yake wuyansa ko hannunsa. A adana, domin watakila da su uwar za ta shaida shi. Sai ku kai bayanin ga masu neman dangi, wato ƙungiyar Red Cross ko Red Crescent ta ƙasar tare da ICRC, kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa, da kuma UNHCR da UNICEF. Kafin a samu, yaron ya zauna da wani gida daga cikin mutanensa, masu harshensa, 'yan'uwan juna kuma kada a raba su. Yawanci ma za ki tarar wani gida ya riga ya ɗauke shi. Ku bar shi a nan, ku tabbatar an sa shi a katin gidan, ku riƙa leƙawa. Ku lura ko yana cin abinci tare da 'ya'yan gidan, ko shi kaɗai ake aika ɗiban ruwa da itace, ko yarinya ce an fara maganar aurar da ita. Duk wanda kuma ya zo ya ce nasa ne, ba a miƙa masa yaro sai masu aikin sun tabbatar.

Rabon kanku kuwa ba haramun ba ne, amma kada ku yi gasa da masu tireloli. Ɗan abin da kuke da shi ku sa shi inda babban rabo ba ya kaiwa: amalanke ko baro da 'yan sa-kai da za su kai wa masu rauni kayansu har tanti, sandar guragu, tabarau, ƙyallen al'ada, fitila mai aiki da hasken rana, kuɗin motar zuwa babban asibiti. Ku roƙi masu rabo su ware layi da inuwa da benci, su kuma yarda mutum ya wakilta wanda ya amince da shi a rubuce. Kada kuma ku manta da mutanen garin da suka karɓi baƙin. Kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan gudun hijirar duniya a ƙasashen da suke maƙwabtaka da nasu suke zaune, sau da yawa a yankunan da su ma suke fama. Idan tsohuwar gari tana kallon ana wuce ƙofarta da kaya, rijiyarta kuma ta ƙafe saboda yawan masu ɗiba, rigimar da za ta biyo baya a kan masu raunin da kuke karewa za ta fara sauka.

Abubuwan da ake taɓawa da hankali

Fyaɗe da dukan mata suna ƙaruwa a irin wannan yanayi, amma kada ku fita neman waɗanda abin ya shafa, kada ku tambaya a gaban mutane. Ku dai sa kowa ya san akwai wurin zuwa, ku samar da wani wuri na mata kaɗai inda ake taruwa don ɗinki ko karatu ko hira, yadda shigar mace ba za ta nuna abin da ya kawo ta ba. Idan wata ta buɗe miki baki, ki saurara, kada ki tuhume ta, kada ki nemi hujja. Abu ɗaya da dole kowane ɗan sa-kai ya haddace shi ne lokaci: maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Ki gaya mata wannan a fili, sannan ki bar mata zaɓi. Ba a kai maganar babbar mace ga 'yan sanda ko shugaba ko mijinta ba da yardarta ba, kuma ba aikinku ba ne ku zaunar da ita da wanda ya cuce ta don sulhu. Idan yarinya ce ƙarama, ku kira ma'aikacin kare yara tun a ranar.

A kan damuwa da firgici, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da aka yi yaƙi yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Amma kada wannan ya sa ku ɗauka kowa likita yake buƙata. Yawancin mutane suna farfaɗowa idan sun sami abinci, da tsaro, da labarin danginsu, da wurin ibada, da damar binne mamacinsu yadda ya kamata, yara kuma suka koma karatu da wasa. Taimakon farko da ake koya wa 'yan sa-kai abu uku ne: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da abin da yake buƙata. Ba a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani. Waɗanda za ku kai asibiti ba tare da jinkiri ba su ne mai maganar kashe kansa, da wadda ta daina ci ta daina kula da jaririnta, da wanda hankalinsa ya gushe, musamman idan kun tarar an ɗaure shi. Irin wannan ɗaurin, a abin da na gani, ba mugunta ba ce. Maganin da yake sha ne ya ƙare a hanya, iyali suka rasa yadda za su yi. Haka masu ciwon suga da hawan jini da tarin fuka da farfaɗiya da masu shan maganin ƙanjamau: ku tambayi kowa a keɓe ko akwai maganin da yake sha a gida wanda ya yanke. Ga yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 kuma akwai ɗan tef mai launi da ake auna damtse da shi. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani. Uwa ma tana iya koyon awon a zama ɗaya.

Sai abin da ba a son faɗa. Haɗarin yakan fito daga cikin masu taimakon. A 2002 wani rahoto ya bankaɗo yadda ma'aikatan agaji a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo suke neman 'yan mata a madadin abinci da leda da sabulu, abin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da doka a kan haka a 2003. Ƙaramar ƙungiya ba ta fi ƙarfin wannan ba don kawai kun san juna. Kowane ɗan sa-kai ya sa hannu a kan ƙa'ida, kada namiji ya shiga tantin mace shi kaɗai, kada wani ya keɓe da yaro, a kuma riƙa faɗa da babbar murya a kowane taro cewa agaji kyauta ne, ba a biyansa da kuɗi ko da jiki. Akwatin ƙorafi ba ya wadatarwa inda da yawa ba su iya rubutu ba. A sami mace amintacciya da za a iya gaya wa, wadda ba a ƙarƙashin wanda ake ƙarar take ba.

Su ma 'yan sa-kai mutane ne, kuma waɗanda suka fito daga cikin 'yan gudun hijirar su ma sun yi asara. Ku ba su hutu, ku zauna da su duk mako su sauke abin da suka ji, kuma idan akwai ɗan alawus a faɗi adadinsa a fili tun farko, a biya a kan lokaci.

Ban ga wurinku ba, kuma dokokin ƙasashe sun bambanta a kan rajista da izinin aiki a sansani da abin da ya wajaba a kai wa hukuma game da yara, saboda haka ku tambayi jami'in kariya na wurin kafin ku fara. Ni kuma ba likita ba ne. Abin da na faɗa na lafiya alamomin turawa asibiti ne, ba na ba da magani ba. Zan ƙara da cewa wannan hanya tana da iyaka. Za ku gano mutanen da babu inda za a tura su, musamman yanzu da kuɗin agaji ya ragu ƙwarai tun farkon 2025 har aka rage rabon abinci a wurare da dama. An yi alkawari a taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 cewa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin cikin gida, har yau ba a cika ba, saboda haka kada ku tsara aikinku a kan jiran sa. Kada ku yi wa kowa alkawarin abin da ba ya hannunku, ko da don ku kwantar masa da hankali ne. Waɗanda kuka rasa inda za ku kai su, ku ƙirga su ba tare da sunaye ba, ku kai adadin taron daidaita aiki: gida kaza ba su da kati, mutum kaza maganinsu ya yanke, masai kaza ba sa kulluwa. Ku nemi a rubuta wanda zai ɗauki kowane ɗaya da ranar da zai kawo amsa, a zama na gaba kuma ku sake tayar da maganar.